Wa Za Ka Je Nema a Tarsus?

Karatun Littafi Mai Tsarki: Ayyukan Manzanni 9:26-30, 11:19-26, 13:1-3
Ayar haddacewa: 2 Timoti 2:2
Manufa: Mu ga yadda Allah yake tayar da shugabannin gobe ta wurin zumunci, kowa kuma ya ɗauki nasa rabon aikin.

Gabatarwa

Akwai kukan da muke yawan ji a Ɗankaza da garuruwan da ke kewaye da Wudil: babu matasan da za su riƙe gari. Famfon burtsatse ya lalace, an rasa wanda zai tara kuɗin gyara ya riƙe su da amana. Shanu sun shiga gonar dawa, rai ya ɓaci, an rasa mai bakin sulhu. A ikkilisiya ma, dattijo ɗaya shi ne ma'aji, shi ne magatakarda, shi ne mai fassara, shekara da shekaru. Ranar da ya kwanta rashin lafiya, komai ya tsaya. Muna addu'a Allah ya ba mu shugabanni, wannan daidai ne. Amma ta wace hanya yake amsa wannan addu'a? Bari mu dubi rayuwar Barnaba.

1. Ya tsaya wa wanda kowa ke gudu

Sunansa na ainihi Yusufu, Balawi ne daga tsibirin Kubrus. Manzanni ne suka laƙaba masa Barnaba saboda halinsa na ƙarfafa zukatan mutane (Ayyukan Manzanni 4:36). Da Shawulu ya tuba ya zo Urushalima, masu bi suka ji tsoronsa, gama ba su manta da tsanantawar da ya yi musu ba. Barnaba ne ya kama hannunsa, ya kai shi gaban manzanni, ya ba da shaida a kansa. Da Shawulu ya ci amana, sunan Barnaba ne zai ɓaci. Ya san haka, ya kuma yarda.

A cikinmu akwai samari da 'yan mata da muka riga muka yanke wa hukunci. Wannan ɗan gidan wane ne, wancan ya taɓa shaye-shaye, waccan ba ta gama sakandare ba. Idan babu babban da zai ce, ku bar mini shi, baiwar da Ruhu Mai Tsarki ya zuba a cikinsu za ta mutu a zaure.

2. Ya je ya nemo shi, suka yi aiki tare

Da bishara ta yi ƙarfi a Antakiya, ikkilisiyar Urushalima ta aiki Barnaba can. Aiki ya yi albarka, jama'a suka ƙaru. Wani da sai ya riƙe bagade shi kaɗai. Shi kuwa ya tashi takanas ya tafi Tarsus neman Shawulu, ya kawo shi Antakiya, suka yi shekara guda cur suna koyar da jama'a tare. Bayan haka ikkilisiya ta danƙa musu su biyu gudummawar da aka tara domin 'yan'uwan Yahudiya a lokacin yunwa (11:29-30). Ku lura: koyarwa, tafiya tare, da riƙon kuɗin jama'a. A nan ake gane hali. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mai tanƙwarawa kuwa dole ya kasance kusa da iccen.

3. Ya yarda na baya ya wuce shi

Suna cikin sujada da azumi Ruhu Mai Tsarki ya ce a keɓe su biyun domin aiki. Da farko Luka yakan fara ambatar sunan Barnaba. Tun daga sura ta 13, sau da yawa sunan Bulus ne a gaba, shi ne kuma mai yin wa'azi. Ba mu ga inda Barnaba ya yi kishi ba. Inda suka saɓa ma, kan wani saurayi ne, Yohanna Markus, wanda ya gudu ya bar su a Bamfiliya. Bulus ya ƙi tafiya da shi, Barnaba ya sake ba shi dama (15:36-39). A ƙarshen rayuwarsa, Bulus da kansa ya roƙi Timoti ya zo masa da Markus, domin yana da amfani a gare shi (2 Timoti 4:11).

4. Abin da muka gani a zamaninmu

Duniya ma ta gane wannan hanya. A 2014 gwamnatin Amurka ta fara shirin Mandela Washington, inda aka riƙa zaɓen matasan Afirka masu shekara 25 zuwa 35 waɗanda suka riga suka fara yi wa jama'arsu hidima. Kashin farko mutum 500 ne. Sun yi mako shida a jami'o'in Amurka suna koyo tare, sa'an nan kowa ya koma ƙasarsa. Zaɓe, zama tare, komawa gida da aiki: sawun Barnaba ke nan.

A nan Arewa muna da namu misali. A 1905 Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya, yana tara yara kaɗan yana koya musu karatu, daga baya aikin ya koma Wusasa. Daga wannan ƙaramin zumunci Dokta R. A. B. Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa, yana kuma cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. A Wusasa Farfesa Ishaya Audu ya yi karatun yarinta, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Haka kuma a 1957 aka fara zumuntar ɗalibai Kirista ta FCS a Gindiri, inda yara da yawa suka fara koyon jagorantar taro da riƙon amana tun suna sakandare.

Ga jami'ar kimiyya da fasaha da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda a Wudil, kusa da mu. Muna roƙon Allah 'ya'yanmu su shiga. Duk wanda ƙofar irin waɗannan shirye-shirye ta buɗe masa, ya nema da addu'a. Sai dai takardar shaida ba ta koya wa mutum tsoron Allah. Wannan aikin gida ne da ikkilisiya.

5. Me za mu yi a Ɗankaza?

Kowane dattijo da kowace uwa a zumuntar mata su zaɓi matashi ɗaya, su riƙe shi har shekara guda. Baba, in za ka gaishe da marar lafiya ko ka je sulhu wurin mai unguwa, tafi da shi ya ga yadda ake magana. Mama, bari yarinyar ta rubuta lissafin adashi, ke ki duba. A ba su aiki na gaske: ƙirga baiko a gaban shaidu, koyar da karatu da yamma, tara kuɗin gyaran famfo. In sun yi kuskure, a tsawata musu a keɓe, a sake ba su dama. Hidimar kuma ta kai ga dukan maƙwabta, Musulmi da Kirista, gama Allah ya umarci mutanensa su nemi zaman lafiyar garin da suke zaune (Irmiya 29:7).

Kai kuma saurayi, ke budurwa, kada ku raina share majami'a da ɗaukar benci. Idan karatu ya kai ku Kano ko Abuja, ku tuna da hannun da ya kama ku, ku dawo ku kama na wani.

Tambayoyi

1. Wane ne Barnaba a rayuwarka? Ka taɓa yi masa godiya?
2. Wane aiki kake riƙe da shi wanda ya kamata ka fara koya wa wani?
3. Wane matashi ne muka yi watsi da shi saboda laifin jiya?

Addu'a

Ya Uba, ka gafarta mana inda muka riƙe aikinka kamar gādon gidanmu. Ruhu Mai Tsarki, ka buɗe idanunmu mu ga waɗanda ka shafe a cikinmu. Ka sa sunan mutum ɗaya a zuciyar kowannenmu, ka ba mu ƙarfin hali mu je mu neme shi a wannan mako. Ka tayar wa Ɗankaza da dukan ƙasar Wudil shugabanni masu gaskiya da tsoronka. A cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.