Cocin Bezele: Yadda Baka Ke Tura Bango

'Yan uwana ɗalibai, musamman 'yan sashen zanen gine-gine da jarrabawa ta ƙarato musu, ga ginin da ya sa na fahimci salon Romanesk bayan na sha haddar da ta ƙi zama. Cocin Maryamu Magadaliya ne, a kan tudun garin Bezele da ke yankin Burgundi a Faransa.

Asalinsa gidan sufayen Kirista ne 'yan ɗariƙar Benedikt. Da labari ya bazu cewa ƙasusuwan Maryamu Magadaliya na wurin, sai masu ziyara suka yi ta kwarara, dukiya ta shigo. A 1120 gobara ta cinye babban zauren cocin. Wanda ake gani yau an gina shi ne tsakanin 1120 da 1140, aka rufe shi da dutse. To, a rufin nan darasin yake.

Bakan Romanesk rabin da'ira ne, kuma ba ƙasa kawai yake dannawa ba, gefe ma yake tura bango. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon soro mai bakan gizo a Zariya ko Kano ya ga kaurin bangon da ke riƙe da shi. Shi ya sa yawancin cocin wannan salo bango kakkaura ne, tagogi 'yan mitsi-mitsi, ciki dulum.

Maginan Bezele sun so haske. Sai suka gitta rufi biyu masu siffar rabin ganga, nauyin ya taru a kusurwa huɗu, bangon da ke tsakani ya samu sararin taga. Bakunan da suka raba zauren kuma aka jera musu dutse fari da mai ruwan ƙasa, bi da bi. Gaskiya abin ya yi kyau. Amma fa turin bai daina ba. Bango ya soma buɗewa, aka ɗaure shi da sandunan ƙarfe, daga baya aka tokare shi daga waje da bakunan dutse. Zuwa 1840 ginin na dab da rushewa, aka danƙa gyaransa ga Viollet-le-Duc yana ɗan shekara 26.

Ku kiyaye da hoton da za a iya kawo muku a jarrabawa. Idan kun ga baka mai tsini da manyan tagogi, ɓangaren gabas ne, wanda aka sake ginawa a ƙarshen ƙarni na 12 da salon Gotik. Ni a nan na taɓa zubar da maki.