Taƙaddama a Kan Kalmomin "Ubangida" da "Bawa" a Fannin Fasaha

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wata taƙaddama da ta taso tsakanin injiniyoyi da masana kwamfuta, musamman a Amurka, watau ko ya dace a ci gaba da kiran na'ura mai ba da umarni master, ma'ana ubangida, a kira mai karɓar umarnin slave, ma'ana bawa.

A nazarin da Ron Eglash ya yi a 2007, misali mafi daɗewa da ya samo shi ne na 1904, inda aka siffanta haka wasu agoguna biyu na ɗakin nazarin taurari a Kef Tawun. A 2003 hukumar gundumar Los Anjalis ta roƙi masu sayar mata da kayan aiki su daina maƙala waɗannan sunaye. Masu kula da Python sun cire su a 2018. Amma kisan George Floyd a watan Mayun 2020 shi ya hanzarta al'amarin: Linux ta sauya a Yuli, GitHub kuwa ta koma ga main a Oktoba.

Masu adawa suna cewa ƙarfe ba mutum ba ne, kuma sauya suna ba ya ƙara wa baƙar fata ko gurbin aiki ɗaya. Maganarsu ta biyu tana da ƙarfi. Ta farkon ce ke da rauni, domin daga dangantakar mutane aka aro siffar, kuma aron ma bai zauna daidai ba. A rumbun bayanai, alal misali, abin da ake kira bawa kwafi ne kurum, wanda yakan gaji ubangidan in ya lalace. Ina bawa ina gadon ubangida?

Batun blacklist da whitelist dabam yake. Bahaushe, da yake shi kansa baƙar fata ne, yana cewa baƙin ciki da farin ciki, baƙin jini da farin jini, ba tare da ya nufi launin kowa ba. A nan hujjar masu neman sauyi ta fi tsayuwa a kan cewa "jerin waɗanda aka hana" ya fi bayyana aikin.

Ga mai fassara kalmomin fannu zuwa Hausa kuwa, babu tilas ya ɗauko "bawa", kalmar da ba ta rasa nauyi ba a ƙasar da sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya. Hausa takan siffanta kayan aiki masu tafiya tare da dangantakar haihuwa, kamar dutsen niƙa da ɗansa. Sai dai wannan ma zai buƙaci gwaji, tunda ba kowane ɗa ke bin umarni ba.