Dokar Sarƙa da Lissafin Abin da Ke Ninkuwa

Ɗaliban Kasalgu da sauran unguwannin Tamale da ke wucewa jami'ar UDS, wadda aka kafa a 1992, ko Jami'ar Fasaha ta Tamale, sukan yi tuntuɓe a wuri guda idan suka shiga kalkulas, wato reshen lissafin da ke auna saurin sauyawar abu. Sun haddace cewa eˣ, inda e take lamba ce tsayayya mai kimanin 2.718, ita ce saurin sauyin kanta, sai su ɗauka duk abin da aka ɗora a kan e haka zai fito ba tare da an taɓa shi ba.

Wannan hadda gaskiya ce, amma tana aiki ne kawai idan lambar sama x ce tsagwaronta. Da zarar ta zama 3x ko x², alaƙa biyu ne aka saƙa, ɗaya a cikin ɗaya, kuma dokar sarƙa ta ce a fitar da saurin sauyin ta waje, sannan a ninka shi da na ta ciki. Abin da ya fi dacewa shi ne ɗalibi ya sa wa lambar sama suna u, ya rubuta y = eᵘ a layi ɗaya, ya fitar da saurin sauyin u a layi na biyu, kafin ya haɗa su. Ta haka e³ˣ ke ba da 3e³ˣ, idan kuwa u ita ce x², amsar ita ce 2x sau eᵘ. Masu tsallake layi na biyu don gaggawa su suka fi asarar maki.

Abin da ake mantawar nan yana da ma'ana a zahiri. Ƙidayar 2021 ta nuna mutanen Gana sun kai miliyan 30.8, suna ƙaruwa da kashi 2.1 cikin ɗari a shekara. Idan aka rubuta yawansu miliyan 30.8 sau eᵘ, u kuma ita ce 0.021t, t na nufin shekaru, dokar sarƙa za ta sauko da 0.021, a sami ƙarin mutum wajen dubu 650 a shekarar farko. Wanda ya manta da ita kuwa ya ce ƙasar na ƙaruwa da miliyan 30.8 a shekara.

Kuskure na biyu ya fi muni, shi ne a yi wa 2ˣ irin aikin da ake yi wa x², a sauko da lambar sama a rage mata ɗaya. Gyaransa a mayar da 2ˣ ta zama eᵘ, u ta zama x sau ln 2, wato logaridim na 2 a kan ginshiƙin e, wanda ya kai kimanin 0.693, amsar ta fito 0.693 sau 2ˣ. Mai shakka ya sa x ta zama sifili: gurguwar hanya za ta ba shi sifili, alhali zanen 2ˣ hawa yake yi a daidai wurin.