Baƙo a Sujadar Kirsimeti ta Lutheran

Karatu: Luka 2:1-20

Mutumin Obi da ya girma cikin ERCC, idan Kirsimeti ta riske shi a majami'ar LCCN, wadda aikinta ya soma a Numan a 1913, zai tarar da tsarin sujada dabam: furta zunubi, shelar gafara, da amsa-amsa tsakanin fasto da jama'a. Wannan mai sauƙi ne. Ya bi na kusa da shi.

Jibin Ubangiji ne ke bukatar natsuwa. Lutheran suna koyar da cewa jikin Kristi da jininsa suna nan hakika cikin gurasa da ruwan inabi, saɓanin fahimtar Kalbin. Saboda haka baƙo ya nemi fasto tun kafin sujada, kada tambayar ta zo masa a gaban bagadi.