DAJIN TAFKUNA NA JIHAR WISKONSIN: DARASI A KAN SHAƘATAWA DA KIYAYE NAMUN DAJI

A arewacin Jihar Wiskonsin ta ƙasar Amurka akwai wani gandun daji na gwamnatin jiha mai suna Northern Highland-American Legion. Girmansa ya wuce eka 230,000, kuma a cikinsa akwai tafkuna fiye da 900. Masana sun bayyana cewa ƙanƙara mai kauri ce ta taɓa rufe ƙasar, da ta narke shekaru fiye da 10,000 da suka wuce sai ta bar ramuka, ruwa ya cika su.

Yadda aka ɓata dajin

Wanda ya ga wannan daji a yau zai yi zaton haka yake tun fil azal. Ba haka ba ne. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa farkon na 20, kamfanonin katako sun sare manyan itatuwansa kusan ƙaf, gobara kuma ta riƙa cinye abin da ya rage. A 1911 aka buɗe wurin renon dashe a bakin tafkin Trout, a 1925 kuma aka keɓe gandun bisa doka. Itatuwan da ke ba baƙi inuwa a yanzu, da yawansu hannun ɗan Adam ne ya dasa su.

Namun daji

Akwai barewa mai farar wutsiya, da kyarkeci, da mikiya mai farin kai, wadda ita ce tambarin Amurka. Maganin ƙwari na DDT ya kusa ƙarar da wannan mikiya, domin yana sa ɓawon ƙwanta ya yi laushi ya fashe kafin ƙyanƙyasa. Da aka hana amfani da shi a 1972 sai ta farfaɗo, har aka cire ta daga jerin dabbobin da ake fargabar ɓacewarsu a 2007. Kyarkeci kuwa ya ƙare a jihar wajen 1960, amma ya komo da kansa daga Minesota cikin shekarun 1970, bayan doka ta ba shi kariya.

Shaƙatawa bisa ƙa'ida

Da rani mutane kan kafa tanti, su tuƙa kwalekwale, su yi iyo da su. Da hunturu, idan tafkuna sun daskare, sukan huda ƙanƙara su jefa ƙugiya. Amma kowane abu da dokarsa. Mai farauta da mai su sai da lasisi, kuma akwai lokaci da adadin da aka ƙayyade. An hana shigo da itacen wuta daga nesa, don kada a kawo ƙwari masu kashe bishiyoyi. A tafkin Escanaba, tun 1946 duk mai kamun kifi sai ya karɓi izini, ya kuma nuna wa ma'aikata abin da ya kama, su auna su rubuta.

Abin lura

Ya kamata mai karatu ya lura cewa an sare dajin nan cikin shekaru kaɗan, amma farfaɗo da shi ya ci kusan shekara ɗari. Da doka, da dashe, da haƙurin jama'a aka yi aikin. Saboda haka duk wanda ya shiga gandun daji don hutawa, wajibi ne ya kashe wutarsa, ya kwashe shararsa, ya bar dabba a inda ya same ta.