Barasa da Lafiyar Iyali: Darasi Don Masu Gida

Jama'a, wannan darasi a kan barasa yake, watau giya da burkutu da ogogoro da danginsu. Wani zai ce, ina ruwanmu da wannan zance, mu da addini ya hana mu sha, dokar Jihar Sakkwato kuma ta hana? Gaskiya ne. Amma Illela garin bakin iyaka ne, ga Birnin Ƙonni nan kusa, ga baƙi da direbobi suna shige da fice kowace ranar kasuwa. Mu da muke aikin ɗakin magani mukan ga ɓarnar abin da aka sha a ɓoye. Ciwon da aka ɓoye kuwa shi ke kisa.

Yadda barasa ke aiki a jiki

In mutum ya sha, barasa takan shiga jini daga ciki da hanji, ta kai ƙwaƙwalwa cikin 'yan mintoci. Hanta ce ke aikin kashe dafinta, amma a hankali take yi. Likitoci suna auna barasa da awo, awo ɗaya kuwa giram 10 ne na tsantsarta. Hanta takan ɗauki kamar awa guda kafin ta gama da awo ɗaya. Babbar kwalbar giya tana da fiye da awo biyu. Shayi mai ɗaci ko wanka da ruwan sanyi ba su sa hanta ta yi sauri.

Akwai ɗan abin da ba ya cutarwa?

Babu. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba wani gwargwadon sha da za a ce ba shi da hatsari. Ta kuma ƙiyasta cewa a 2019 barasa ta jawo mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya. A Ingila, inda ba a hana sha ba, a 2016 manyan likitocin gwamnati sun ce kada namiji ko mace su wuce abin da bai cika manyan kwalabe biyar ba a mako, kuma kada a shanye su a zama ɗaya. Ku lura, rage hatsari suka ce, ba su ce magani ba ne. Wanda bai taɓa sha ba, kada ya fara.

Abin da yawan sha ke jawowa

1. Hanta takan yi kitse, ta kumbura, daga baya ta ƙandare. Sai ido ya yi shawara, ciki ya cika da ruwa, ƙafafu su kumbura, wani har ya yi aman jini. Mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta, wadda ta yi yawa a ƙasarmu, tasa hantar ta fi saurin lalacewa.
2. Hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.
3. Ciwon daji a baki, da maƙogwaro, da hanta, da hanji, da nonon mata.
4. Hatsari a kan hanya. Ɗan kabu-kabu da ya sha yana ganin kansa gwani, alhali hannunsa da idonsa sun yi nauyi.
5. In mai ciki ta sha, jaririn ma ya sha, yana iya fitowa da raunin ƙwaƙwalwa har ƙarshen ransa.
6. Kuɗin gero da na makaranta sukan tafi, faɗa ya shigo gida.

Barasa mai rigar magani

Nan ne da yawa ke faɗawa ba su sani ba. Akwai ruwa mai ɗaci da ake sayarwa a 'yan ledoji da ƙananan kwalabe, a ce maganin basir ne, ko ciwon baya, ko ƙarfin maza. Da yawa cikinsu barasa ce mai ƙarfi, ta fi giya nesa. A 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana sayar da barasa a irin waɗannan ledoji, domin yara na samunta da araha. Kafin ka sha kowane ruwan magani, ka duba takardar jikinsa, ko ka ba mai karatu ya duba maka. Hanta ba ta san sunan da aka rubuta a kwalba ba, abin da ke ciki ta sani.

Ogogoro da aka dafa a ɓoye kuwa wani lokaci yana ɗauke da wani dafi mai makantarwa. A 2015 ya kashe mutane da dama a jihohin Ondo da Ribas. Haɗa barasa da tramadol ko maganin barci yana iya tsayar da numfashi.

Abin da za a yi a gida

In kun sami mutum ya bugu ya faɗi, ku kwantar da shi a gefe guda don kada amai ya shaƙe shi. Kada ku ɗura masa kome, kada ku bar shi shi kaɗai. In bai farka ba, ku kai shi asibiti nan da nan.

Wanda ya daɗe yana sha kullum, in hannunsa na rawa da safe, kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Yana iya samun jijjiga da gane-gane, har ya mutu. A kawo shi Babban Asibitin Illela. In ana bukatar ƙarin kulawa, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Kware, kan hanyar Sakkwato. Ma'aikacin lafiya ba alƙali ba ne, aikinsa magani da riƙe asiri.

Maigida, in ɗanka ne, kada ka kore shi, gama kora ba ta warkarwa. Ka zauna da shi sa'ad da yake cikin hankalinsa, ka yi masa magana, ka raka shi asibiti da ƙafarka.

Tambayoyi

1. Wace gaɓa ce ke kashe dafin barasa?
2. Me za ka duba kafin ka sha ruwan magani na leda?
3. Don me mai sha kullum ba zai daina shi kaɗai a ɗaki ba?