Keso: Nazarin Siffofin Adadin 20,000 a Lissafin Wuri na Kasuwancin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi keso, wato wuri 20,000, ta fuskar ilimin lissafi. Manufarta ita ce nuna cewa siffofin adadin sun samo asali ne daga yadda ake ƙirga wuri da hannu.

1.0 Gabatarwa

Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, tana cikin marinan da suka ɗaukaka sunan Kano a fataucin tufafi. Da wuri ake cinikin wannan haja a ƙarni na 19. Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa tufafin da ake fitarwa a shekara sun kai na wuri 300,000,000, wato keso 15,000. Ciniki mai yawa haka ba ya yiwuwa sai da ma'auni babba mai sauƙin rabawa.

2.0 Ginuwar Adadin

Barth ya bayyana yadda ya ga ana ƙirga wuri a Tasawa: mai ƙirga yakan ja biyar-biyar, ya tara su tsibi-tsibi na 200 ko 1,000. Biyar sau huɗu ita ce hauya (20), hauya goma metan (200), metan biyar zambar (1,000), zambar ashirin kuwa keso. Kowane mataki ninki ne da 4, 5, 10 ko 20, kuma dukkansu daga 2 da 5 suka fito. Saboda haka idan aka warware keso zuwa lambobin da ba sa rabuwa sai da ɗaya da kansu, za a sami:

20,000 = 2 × 2 × 2 × 2 × 2 × 5 × 5 × 5 × 5

3.0 Rukunin Adadin

Keso cika ne, ba mara ba. Lambobi 30 ne ke raba shi ba saura. Idan aka tara su, ban da shi kansa, jimillarsu 29,203 ce. Malaman hisabi sun kasa adadi gida uku: tammi, wanda jimillar masu raba shi ta yi daidai da shi, kamar 6 da 28, naƙisi, wanda ta gaza shi, da za'idi, wanda ta zarce shi. Keso za'idi ne.

4.0 Amfani da Naƙasu

Rabin keso 10,000 ne, rubu'insa 5,000, tumuninsa 2,500. Wannan tumuni shi ne farashin dalar azurfa ɗaya a Kano lokacin zuwan Barth, ke nan keso dala takwas ne cif. Ɗaya bisa arba'in, ƙimar zakkar dukiyar ciniki, 500 ne.

Naƙasun adadin shi ne rashin 3 a tushensa. Sulusinsa 6,666 ne da saura biyu, sudusinsa 3,333 da saura biyu. Ma'aunin da ya wadatar da ɗan kasuwa yakan bar wa mai rabon gado ragowa, domin sulusi da sudusi suna cikin kason da shari'a ta yanka.

5.0 Kammalawa

Keso ya nuna cewa Bahaushe ya gina babban adadi a kan hannu da tsibi. Tun da kuɗin Turawa suka kori wuri bayan 1903, kalmomin hauya, zambar da keso suka ja baya a fagen ƙirga. Ya kamata masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomin lissafi su waiwaye su kafin su nemi aro.